Idan Injinan Bincike Suka Saɓa, Maganar Wa Za A Ɗauka?

A watannin baya na karɓi wani aiki a wani ƙaramin ɗakin karatu da nake taimaka wa a lokutan hutuna. An tara rubuce-rubucen Hausa masu yawa a kwamfuta, galibinsu a kan noma da kiwo da lafiyar iyali, amma mai neman abu ba shi da hanyar samunsa sai ya riƙa buɗe fayil bayan fayil har ya gaji ya haƙura. Sai na ɗora injinan bincike uku a kan tarin rubutun guda. Na farko yana neman kalma yadda aka rubuta ta, harafi da harafi. Na biyu yana cire ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ kafin ya kwatanta, domin da yawa daga cikin masu rubutunmu ba sa sa ta, musamman masu bugawa a waya. Na uku irin na zamanin nan ne, wanda bai damu da harafi ba, yana mayar da jimla jerin lambobi sannan ya auna kusancin ma'anarta da ma'anar abin da aka tambaya.

Abin da na fara gwada su da shi shi ne "ciwon ƙafa a shanu". Na farko ya kawo rubuce-rubuce kaɗan masu kyau, amma ya tsallake duk wanda marubucinsa ya rubuta "kafa" babu ƙugiya. Na biyu ya kawo waɗannan da aka tsallake, sai dai ya haɗo da wani labari a kan yadda makiyaya suka kafa ƙungiya don yaƙi da ciwon shanu, tunda a wurinsa ƙafar da ake takawa da kafa ƙungiya abu ɗaya ne. Na uku ya ɗora a saman jerinsa wani bayani a kan ruɓewar kofato da ɗingishin da take jawowa lokacin damina, wanda babu kalmar ƙafa a cikinsa ko sau ɗaya, kuma shi ne ya fi duka amsa tambayar. Amma a ƙasansa kaɗan ya kawo maganar kumburin ƙafar mai juna biyu, wadda ba ta shafi shanu ta kowace fuska ba. Kowannensu ya faɗi wata gaskiya da sauran suka rasa, kowannensu kuma ya yi nasa kuskuren. Mai kiwon da zai zo ɗakin karatun kuwa jeri ɗaya yake so, wanda amsarsa take a samansa.

Wannan matsala ta girmi ɗakin karatunmu da shekaru masu yawa. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da intanet ke tasowa, babu injin da ya mamaye fage, shi ya sa aka ƙirƙiro injinan da ba su da rumbun kansu, aikinsu kawai su aika tambayarka ga wasu injinan su haɗo maka amsoshin. MetaCrawler, wanda Erik Selberg da Oren Etzioni suka gina a Jami'ar Washington a Amurka, yana cikin na farko-farko. Dalilin yin hakan ya fito fili a 1999, lokacin da Steve Lawrence da C. Lee Giles suka wallafa bincikensu a mujallar Nature: sun ƙiyasta shafukan da ake iya tattarawa a intanet a lokacin sun kai kimanin miliyan 800, injin da ya fi kowanne yawan shafuka bai wuce kashi 16 cikin 100 ba, injina 11 da suka auna kuwa idan aka haɗa su sun kai kimanin kashi 42. Wanda ya tsaya ga inji ɗaya ke nan ya rufe wa kansa mafi yawan abin da ke akwai.

Amma inda aka fi zurfafa nazarin yadda za a yi haɗin shi ne taron TREC, wanda hukumar NIST ta gwamnatin Amurka ta fara shiryawa a 1992. Tsarin taron shi ne a ba ƙungiyoyin masu bincike tarin rubutu iri ɗaya da tambayoyi iri ɗaya, yawanci 50 a shekara, kowace ƙungiya ta miƙa jerin takardu 1000 a kan kowace tambaya, sannan a kwashi na saman kowane jeri, galibi 100 na farko, a ba mutane su karanta su yanke hukunci: wannan ya dace da tambayar, wannan bai dace ba. Wannan hukunci na mutane shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa a nan gaba. Tunda an samu jeri masu yawa a kan tambaya ɗaya, ga kuma amsar da za a auna su da ita, sai ya zama kowa na iya gwada dabarar haɗinsa ya ga ko ta fi kowane inji shi kaɗai.

Edward Fox da Joseph Shaw na jami'ar Virginia Tech su ne suka kawo dabarun farko da suka yi suna, a zagaye na biyu na TREC. Wadda ake kira CombSUM tana tara makin da kowane inji ya ba takarda ne kawai. Wadda ake kira CombMNZ kuma tana ɗaukar wannan jimla ta ninka ta da yawan injinan da suka kawo takardar, don a fifita abin da aka haɗu a kansa. Matsalar ita ce maki ba yare ɗaya suke yi ba. Injin da ke aiki da lissafin BM25, wanda ke ba da maki bisa fitowar kalmomin tambaya a cikin takarda, kamar nawa na farko da na biyu, makinsa ba shi da iyaka ta sama, yana iya ba da 8 a wata tambaya ya ba da 30 a wata. Injin ma'ana kuwa makinsa ba ya wuce 1. Tara su kai tsaye kamar a tara naira da sefa ne a jimla ɗaya ba tare da an je wurin ɗan canji ba. Maganin da aka saba shi ne a matse kowane jeri tsakanin 0 da 1, na sama ya samu 1, na ƙasa ya samu 0. Na gwada wannan, na kuma ga aibinsa da idona: ko da inji bai samo komai mai amfani ba, abin da ya fi dama-dama a cikin tarkacensa zai samu cikakken maki, daidai da takarda mafi kyau ta injin da ya yi aiki sosai.

Duk da haka haɗin yana yin amfani, kuma an nemi sanin dalili. Joon Ho Lee ya nuna a 1997 cewa injina daban-daban sun fi haɗuwa a kan takardun da suka dace fiye da yadda suke haɗuwa a kan waɗanda ba su dace ba, wato gaskiyarsu kan zo ɗaya, kuskurensu kuwa kowa da nasa. Christopher Vogt da Garrison Cottrell, a rubutunsu na 1999, sun yi bayanin hanyoyi uku da ribar ke shigowa. Akwai kwasar abin da ya taso sama a kowane jeri, kamar yadda ake yaɗe man da ya taso a saman nono. Akwai ƙarfin da magana ke samu idan bakuna da yawa suka faɗe ta tare. Akwai kuma injin da ba a sa masa rai ba amma ya yi fice a wata tambaya ta musamman, irin ɗan hakin da ka raina. Abin da ya ja hankalina shi ne waɗannan ukun suna jan igiya ne ta fuskoki daban-daban. Idan ka ba haɗuwar bakuna nauyi sosai, ka danne muryar inji ɗaya da ya ga abin da sauran ba su gani ba, kamar bayanin kofaton nan da injin ma'ana kaɗai ya kawo. Idan kuma ka saurari kowace murya ɗaya, ka buɗe wa tarkace ƙofa. CombMNZ ta zaɓi ɓangare tun kafin ta ga injinan da za a haɗa.

A nan ne lissafin yiwuwa yake shigowa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Tun a 1977 Stephen Robertson ya tsara ƙa'idar da ke cewa mafi kyawun jeri shi ne wanda aka jera takardu bisa yiwuwar dacewarsu da buƙatar mai tambaya, daga mai ƙarfin yiwuwa zuwa mai rauni. Idan aka ɗauki wannan ƙa'ida da gaske, to tambayar da ya kamata a yi wa kowane inji ta canja. Yawan makin da ya bayar ya daina zama abin dubawa, sai a koma ga tarihinsa: a duk lokutan baya da wannan inji ya ajiye takarda a wannan matsayi, sau nawa mutane suka karanta suka ce ta dace? Amsar wannan tambaya lamba ce tsakanin 0 da 1, ma'anarta kuma ɗaya ce ko daga wane inji ta fito. Wannan shi ne ɗan canjin da ake nema, kuma farashinsa daga abin da aka gani a baya aka samo shi.

Javed Aslam da Mark Montague na kwalejin Dartmouth sun kawo hanyar yin haka a 2001. Sun gwada dabarar ƙirga ƙuri'a ta Borda, Bafaranshen ƙarni na 18, suka kuma kawo wata da suka kira Bayes-fuse, bisa ƙa'idar Thomas Bayes wadda aka wallafa a 1763 bayan rasuwarsa. Zan kwatanta ta da lambobin da na ƙaga don misali kawai. A ce a cikin takardun da ake dubawa ɗaya cikin 10 ce take dacewa, wato mai dacewa 1 a kan marasa dacewa 9, wannan shi ne rinjayen farko. A ce kuma mun duba tarihin injin farko mun ga yana sa kashi 60 cikin 100 na takardu masu dacewa a goman farko, yana kuma sa kashi 10 na marasa dacewa a wurin. Shaidarsa ke nan tana da ƙarfin 60 a raba da 10, wato 6. Inji na biyu ya fi rauni, yana sa kashi 40 na masu dacewa da kashi 20 na marasa dacewa, ƙarfin shaidarsa 2 ne. Takardar da su biyun suka sa a goman farko za a ninka rinjayenta da 6 a sake ninkawa da 2, ya zama 12 a kan 9, wanda yake daidai da yiwuwar kusan kashi 57 cikin 100.

Abin da ya fi burge ni a wannan lissafi shi ne yadda yake ɗaukar shirun inji a matsayin shaida. Idan injin farko ya kawo takarda, na biyu bai kawo ta ba, shirun na biyu, wanda yake barin kashi 60 na masu dacewa da kashi 80 na marasa dacewa a wajen goman farko, yana da ƙarfin 60 a raba da 80, wato 0.75, rinjayen ya koma 1 a kan 2, yiwuwar ta zama kashi 33. Idan kuwa na biyu ne ya kawo ta, na farko ya yi shiru, shirun na farko, bisa wannan lissafin, yana da ƙarfin 40 a raba da 90, sai yiwuwar ta sauko zuwa kusan kashi 9, ƙasa da inda aka fara tun kafin a tambayi kowa. Mai ƙirga ƙuri'a zai ce takardun nan biyu kowace tana da ƙuri'a ɗaya, don haka kunnen doki suka yi. Lissafin yiwuwa kuwa ya ce ɗaya ta ninka ɗayar fiye da sau uku, domin shirun wanda ya saba gani ya fi maganar wanda ya saba kuskure nauyi.

Sai dai wannan ninkawa tana tsaye ne a kan wani sharaɗi mai nauyi, wato kowane inji ya zama yana ba da shaidarsa ne ba tare da ya jingina da ɗan uwansa ba. Masu dabarar sun san sharaɗin ba ya cika yadda ya kamata, sun ɗauke shi ne don lissafin ya yi sauƙi. A ɗakin karatunmu na ga inda yake karyewa ƙarara. Injina na farko da na biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke, lissafinsu ɗaya, ƙugiya kawai ta raba su, saboda haka duk tambayar da babu harafi mai ƙugiya a cikinta kusan jeri ɗaya suke fitarwa. Idan na ɗauke su shaidu biyu, zan ninka da 6 sau biyu, in samu 36 a kan 9, wato kashi 80, alhali abin da ke hannuna shaida ɗaya ce da ke ba da 6 a kan 9, wato kashi 40. Na biyun ɗan amshi ne, yana maimaita abin da mawaƙi ya faɗa, kuma yawan 'yan amshi yana ƙara wa waƙa armashi ne kawai, ba ya ƙara mata gaskiya. Abin da ya biyo baya shi ne su biyun suka riƙa haɗa kai suna danne injin ma'ana, wanda shi ne kaɗai yake kallon rubutun ta wata fuska. Daga baya na haɗe su na ɗauke su murya ɗaya, sannan na auna ta da ta ukun.

Lokacin da nake fama da wannan, na tuna da abin da muka koya a gaban malamai game da ilimin hadisi, ba don ina daidaita al'amuran biyu a daraja ba, sai don hanyar tunanin ta yi kama. Malaman wannan fanni ba su tsaya ga ƙirga masu ruwaya ba. Sun bi tarihin kowane mai ruwaya don sanin amanarsa da ƙarfin haddarsa, sun kuma bi sarƙar ruwayar don su ga ko hanyoyin da suke kamar masu yawa duk a kan mutum ɗaya suke komawa. Sharaɗin hadisi mutawatiri shi ne jama'ar da suka ruwaito su kai yawan da a al'ada ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba, kuma yawan ya tabbata a kowane mataki na sarƙar. Auna amincin mai shaida da bincika 'yancin shaidu daga juna su ne ainihin abubuwa biyu da haɗa sakamakon bincike yake buƙata, kuma wanda ya taso da wannan karatu ba zai ji batun ya yi masa baƙo ba.

Dabarar da na ƙare da amfani da ita ita ce ProbFuse, wadda David Lillis da Fergus Toolan da Rem Collier da John Dunnion na jami'ar University College Dublin a ƙasar Ailan suka gabatar a 2006. Ita tana yanka jerin kowane inji gida-gida ne, sannan ta yi amfani da tambayoyin da aka riga aka yanke musu hukunci ta koyi yiwuwar dacewa a kowane gida na kowane inji. Idan sabuwar tambaya ta zo, kowace takarda tana samun yiwuwar gidan da ta faɗa a raba da lambar gidan, sai a tara abin da ta samu daga duk injinan. A ce takarda ta fito a gidan farko na inji mai ƙarfi, inda yiwuwar ta kai 0.6, ta samu 0.6 ke nan. Wata kuma ta fito a gida na biyu na wannan inji, inda yiwuwar take 0.4, ta samu 0.2, ta kuma fito a gidan farko na inji mai rauni ta samu 0.3, jimla 0.5. Ta farko ta riga ta biyu duk da cewa murya ɗaya ce ta tsaya mata. Masu dabarar sun gwada ta a kan bayanan zagaye na uku da na biyar na TREC, ta kuma fi CombMNZ. Tana da aibi a kan iyakar gidaje: idan gida yana ɗaukar takardu 10, ta farko da ta 10 makinsu ɗaya, ta 10 da ta 11 kuwa akwai rata mai faɗi a tsakaninsu duk da suna maƙwabtaka. Milad Shokouhi ya kawo SegFuse a 2007, inda gidajen sama suke ƙanana suna ƙara girma yayin da ake gangarawa, Lillis da abokansa kuma suka kawo SlideFuse a 2008, wadda take auna kowane matsayi tare da 'yan maƙwabtansa na gaba da na baya maimakon a kafa katanga.

Akwai wata hanya da ba ta watsar da maki ba. R. Manmatha da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst sun lura a 2001 cewa makin takardu marasa dacewa yana taruwa a ƙasa ya riƙa raguwa da sauri yayin da ake hawa, na masu dacewa kuwa yana yin tudu a wani wuri a sama, don haka ana iya raba siffofin biyu a mayar da kowane maki yiwuwa. Tunani ne mai kyau, amma yana son takardu masu dacewa su yi yawa a kowace tambaya kafin tudun ya fito, abin da tarinmu bai kai ya bayar ba, sai na bar shi.

Dole in ambaci abokiyar hamayyar duk waɗannan, domin ita ce aka fi amfani da ita a yau. A 2009 Gordon Cormack da Charles Clarke da Stefan Büttcher suka wallafa wata dabara mai sauƙin gaske da ake taƙaita sunanta da RRF: kowace takarda ta samu 1 a raba da jimlar 60 da matsayinta a kowane jeri, a tara. Ba ta buƙatar maki, ba ta buƙatar koyo, ba ta buƙatar hukuncin kowa, kuma a gwajinsu ta fi CombMNZ da wata hanyar ƙirga ƙuri'a da ake kira Condorcet. Manyan manhajojin bincike irin su Elasticsearch sun sa ta a cikin kayansu don haɗa binciken kalma da binciken ma'ana. Ina girmama ta, kuma duk wanda ba shi da hukuncin mutane a hannu da ita ya kamata ya fara. Amma a duba abin da lambar 60 take yi. Takardar da ta zo ta farko a jeri ɗaya kaɗai tana samun 1 a raba da 61, kusan 0.0164. Takardar da ta zo ta 50 a jeri biyu tana samun 2 a raba da 110, kusan 0.0182, ta wuce ta. Wato a tsarinta na asali RRF ta riga ta yanke cewa haɗuwar bakuna biyu, ko da a can ƙasa, ta fi yaƙinin baki ɗaya a can sama, ta kuma ɗauki duk injinan daidai wa daida. Wannan hukunci yana iya zama daidai ga injinan Turanci da aka daɗe ana gogewa har ƙarfinsu ya kusanci juna. Ga Hausa kuwa, inda inji ɗaya ke iya zama gwani wani kuma ya zama bai san bambancin baki da baƙi ba, ban ga hujjar ɗaukarsa ba tare da an auna ba.

Aunawar ita ce aikin da ya ci mana lokaci fiye da duk rubutun manhaja. Mun tattara tambayoyi 40 daga bakin masu zuwa ɗakin karatun, muka buga abin da injinan suka kawo a takarda, wani dattijo tsohon malamin makaranta da ya daɗe yana kiwo ya yarda ya riƙa karantawa yana sa alama. Yakan zo bayan la'asar da tabarau da jan biro, ya zauna kusa da taga, ya karanta kowane rubutu har ƙarshe kafin ya sa hannu. Wata rana ya tsaya a kan tambayar da ke neman maganin tsutsar masara, ya ɗago ya ce mini, "Ɗana, wannan rubutun ya faɗi sunan tsutsar, ya faɗi ɓarnarta, amma bai ce a yi komai ba. Wanda gonarsa ke hannun tsutsa ya riga ya san ɓarnarta. In sa masa alamar ya dace ko bai dace ba?" Na ce, "Baba, yadda kuka gani shi za a bi." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sa alamar bai dace ba, ya rubuta dalilinsa a gefe. Duk injinan uku sun sa wannan rubutu a samansu. Alamar nan guda ta rage amincin gidan farko na kowannensu, kuma haka ya kamata, domin yiwuwar da muke lissafawa yiwuwar gamsuwar mutum irinsa ce, wanda ya san abin da manomi yake nema idan ya yi wannan tambaya.

Hukuncin yana da nasa gurbin da dole a kula da shi. Ba a iya karanta komai, don haka takardu da yawa suna nan babu wanda ya duba su. Masu ProbFuse sun fitar da siga biyu saboda wannan: ɗaya tana ɗaukar abin da ba a duba ba a matsayin marar dacewa, ɗayar tana cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Na zaɓi ta biyu, domin injin ma'ana shi ne ya fi kawo abin da sauran ba su kawo ba, kuma da na ɗauki siga ta farko da na hukunta shi a kan abin da ba mu samu lokacin karantawa ba. Tambayoyi 40 kuma kaɗan ne, shi ya sa na bar gidajen da faɗi, tunda gida ƙarami da aka koya daga misalai ƙalilan lambarsa rawa take yi. Akwai ƙoƙarin da ya fi namu girma: a 2023 masu bincike da suka haɗa da na Jami'ar Waterloo a Kanada sun shirya tarin gwaji mai suna CIRAL, wanda ya ƙunshi Hausa da Yarbanci da Swahili da Somaliyanci, inda masu jin harsunan suka yanke hukuncin dacewa. A can tambayoyin da Turanci suke, amsoshin kuma da harsunan Afirka, wanda ya bambanta da halin mai kiwonmu da ke tambaya da Hausa yana neman amsa da Hausa.

Inda aikin yake yanzu, injinan kalma guda biyu suna magana da murya ɗaya, injin ma'ana yana da tasa, ProbFuse kuma tana haɗa su bisa alamomin jan biron Baba. Da na sake rubuta "ciwon ƙafa a shanu", bayanin ruɓewar kofato ya zo a sama tare da rubuce-rubucen da suka ambaci ƙafa da ƙugiya da babu ƙugiya, labarin kafa ƙungiyar makiyaya kuma ya gangara ƙasa, ko da yake bai fita daga shafin farko ba. Abin da nake son gwadawa nan gaba shi ne in raba tambayoyin gida biyu, masu ɗauke da kalmar da ƙugiya ke canja mata ma'ana da waɗanda ba su da ita, in koyi yiwuwa daban ga kowane gida, domin na ga alamar injin da ke cire ƙugiya abin dogaro ne a gida ɗaya, abin tsoro ne a ɗayan. Hakan yana nufin kowane gida zai buƙaci tambayoyinsa masu isa, kuma na riga na buga wasu 20 na ajiye a teburin da ke kusa da taga, Baba ya ce zai fara su ranar Asabar.